Anti, kwana 19 ina cin ɗanye amma ana tashi makaranta sai fanke

Wata ƙanwarmu ce ta turo mani wannan daga nan cikin Katsina, ta ce kar in saka sunanta, na ɗan rage tsawonshi:

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, shekarata 31, yarana biyu. Tun da na haifi na biyun jikina ya buɗe, ga mahaifiyata tana fama da ciwon suga, sai tsoro ya kama ni. Naga wata a TikTok tana cewa ta daina cin duk abinda wuta ta taɓa, ɗanyen abinci kawai take ci, ta rame tayi kyau, nima na fara, yau kwana 19. Da safe kankana da gwanda, da rana kabeji da karas da kokwamba, da dare ayaba ko lemon zaƙi. Amma Anti da zarar an tashi wajen ƙarfe biyu na biyo ta wurin mai fanke sai inji kamar ana jana da igiya. Jiya fanke bakwai na ci da lemon roba mai sanyi, a ɗaki, na kulle ƙofa kamar ɓarauniya, na tura robar ƙarƙashin gado, na zauna ina kuka. Surukata har ta fara tambaya ko ciki ne. Ya zanyi in kashe kwaɗayin nan? Ko dai ni ce bani da zuciya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai ki jawo robar nan daga ƙarƙashin gado ki yar da ita, kar tururuwa su tona maki asiri.

Na karanta saƙonki sau biyu, na biyun da biro a hannuna ina lissafa abinda kika ce kina ci, kuma gaskiya ni banga rashin zuciya ba a nan, macen da ta iya kwana 19 tana tuƙa ma mutanen gida tuwo tana jin ƙamshin miya bata kai baki ba ai ba za a ce mata bata da zuciya ba. Yunwa ce ke damunki, yunwa tsagwaronta, ita ce ta saka rigar kwaɗayi ta zo maki. Bari kiga lissafin. Mace baliga mai kai da kawo irinki tana buƙatar wajen kalori 2000 a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kokwamba kilo guda cur bai wuce kalori 150 ba, kabeji kilo guda wajen 250, kankana wajen 300. Kinga kenan in da kankana kaɗai zaki rayu sai kin cinye kusan kilo bakwai na jan cikin, banda ɓawo, kafin ki biya ma jikinki bashin rana ɗaya. To ke da kike cin yanka biyu da safe ki tafi ki tsaya gaban allo kina ɗaga murya kan yara tun takwas har biyu, ga tafiya ga rana irin ta Katsina, me kike tsammani? Cikin ya cika da ruwa da ganye, ya yi nauyi na awa ɗaya, amma jikin bai samu komai ba, shi kuma jiki in ya ga an bar shi a haka baya neman latas, abinda zai bashi ƙarfi nan take yake nema, suga da fulawa da mai, kuma fanke duk ukun ya haɗa. Abinda ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Shi yasa nake ganin tambayar taki ce ta ɗan karkace. Kina neman dabarar da zaki danne kwaɗayi ki cigaba da tsarin a yadda yake, ni kuma ina ganin tsarin ne yake haifar da kwaɗayin kullum ƙarfe biyu, kamar mai share ruwa a tsakar gida bai rufe famfo ba.

Ba wai ina kushe cin ɗanye bane, a'a. Mu nan abincinmu ya yi yawan tuwo da shinkafa da taliya, ganye kaɗan, shima sai an dafe shi ya mutu, to duk wanda ya ƙara kayan lambu da 'ya'yan itace a cikinshi ya yi ma kanshi gata, kuma mu ma ai muna da namu tun kafin TikTok, wa ya koya mana kwaɗon lansir da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, ko gatsar yalo da data, ko gurji? Inda nake da ja shi ne wannan "duk abinda wuta ta taɓa haramun", wannan kam ban yarda dashi ba, kuma waccan da kika gani a waya bata gaya maki sauran labarin ba, ƙila ita ma bata sani ba, ƙila kuma in ta kashe kyamara shinkafa da miya take nutsawa, Allah masani. A Jamus, a jami'ar Giessen, an taɓa bin diddigin masu cin ɗanyen abinci na dogon lokaci, aka fitar da sakamakon a 1999, sun rame kam sosai, amma kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da basu kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya, kuma abin yafi yawa ga masu tsanantawa. Jiki ne yake cewa abincin nan bai ishe ni ba, bari in rufe wasu ɗakunan. Sannan akwai bitamin B12 da jini da jijiyoyi ke buƙata, babu shi a kabeji babu shi a kankana, sai a nama da kifi da ƙwai da nono, rashinshi baya nunawa a sati uku, a hankali yake zuwa da kasala da jin ƙafa tana maki kamar ana tsira allura.

Kuma akwai abubuwan da dan Allah ko da wasa kar wani ya ce maki ki ci su ɗanye. Wake sai an dafa, ɗanyenshi yana da abinda ke murɗa ciki ya sa amai da zawo. Rogo, musamman mai ɗacin nan, yana da guba da sai an jiƙa an dafa take fita. Nama da ƙwai ba sai na faɗa ba. Madarar shanu da aka tatso ba a tafasa ba tana iya ɗauko cuta daga saniyar zuwa gare ki. Wasu kayan ma dahuwar ce ke fito da amfaninsu, tumatir da karas jiki yafi tsotsar abinda ke cikinsu in sun ji wuta da ɗan mai. Shi kuma ganyen da kike ci ɗanye, ki tuna daga lambu yake, baki san da wane ruwa aka yi ban ruwa ba, baki san hannu nawa ya taɓa ba kafin ya iso tiren mai saidawa, duk mun ga abinda kwalara tayi a 2021 har nan jihar, ga taifot da bata barinmu, to ki wanke da ruwa mai tsafta ki sake wankewa, kabeji ki cire ganyen sama, abinda ake ferewa ki fere da kanki, kankanar da aka yanka aka jera a bakin titi ƙuda na bi ƙura na sauka ki haƙura da ita ki sayi guda ki yanka a gida.

Yanzu ga abinda zan so kiyi. Tunda tsoronki ciwon suga ne da ƙiba, to ki gane wanda kike faɗa dashi, ba tukunya bace abokiyar gabarki, dafaffen wake bai maki laifin komai ba, wanda ya kamata ki fara kora shi ne wancan da kika ɓoye ƙarƙashin gado. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu a rana, in son samu ne ma ya koma ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25, kamar cokalin shayi shida. Lemon roba ɗaya na 50cl, irin baƙin nan mai gas, yana ɗauke da abinda ya kai cokali goma sha biyu ko fiye. Roba ɗaya kenan kin ninka na rana. Ba banza ba gwamnati ta saka harajin naira 10 kan kowace lita ta irin lemukan nan a dokar kuɗi ta 2021.

Na taɓa yi ma mahaifina wannan lissafin, Allah ya jiƙanshi, a zaurenmu a Daura, lokacin da likita ya ce suganshi ya fara hawa shi kuma ya ce ai shi baya shan zaƙi, ɗan lemo ne kawai bayan azahar. Ban yi musu dashi ba, wa ya isa, sai na aika aka sayo suga na kwali mai ƙwaya-ƙwaya, na ɗauko faranti na ajiye robar lemon a gefe na riƙa jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa a fili, da na kai takwas sai ya ce ke ya isa haka, nace Baba da saura, na cigaba har sha biyu. Ya daɗe yana kallon farantin, ya ɗaga hula ya sosa kai ya mayar, can sai ya ce "yanzu duk wannan nake zubawa cikina ina cewa ruwa na sha?" Bai daina a ranar ba, ƙarya ne in ce ya daina, amma daga kullum ya koma sai Juma'a, shayinshi kuma muka riƙa rage mashi rabin cokali duk bayan kwana kaɗan har ya zo ya koma cokali ɗaya daga huɗu, wata rana da aka kawo mashi irin na da a gidan suna sai ya ture ya ce wannan ai alawa ce aka narkar. Harshe yana sabawa, sai dai baya son a yi mashi fyaɗen 'ya'yan kaɗanya rana guda. Ki gwada farantin nan ke ma, gani ya kori ji.

Amma fa ki kula, suga yana da 'yan uwa masu shiga da kamala. Zuma da mazarƙwaila da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse aka tace duk cikin lissafin cokali shidan nan suke, kunun aya da aka niƙa da dabino rututu aka ƙara suga, da zoɓon da aka cika ma zaƙi, basu fi lemon kanti da wani abin kirki ba ta fuskar suga, duk da sunan na gida ne. Lemon zaƙi ki ɓare ki ci da tsokarshi yafi ki matse huɗu a kofi ki shanye a minti ɗaya, don tsokar ce ke rage ma sugan gudu in zai shiga jini, ita ce kuma ke riƙe ciki.

Sai karin kumallo, nan ne duk aka ci ki da yaƙi. Yaƙin ƙarfe biyu tun ƙarfe bakwai na safe ake cinshi ko a faɗi. Ki ci abinda zai zauna maki, dafaffen ƙwai biyu, ko alala, ko dafaffen wake da ɗan man gyaɗa da albasa, ko kindirmo mara suga da 'yar fura kaɗan, sai ki ɗora gwandarki ko kankanarki a kai. In ranki ya kafe lallai sai rabin abincinki ya zama ɗanye to ba laifi, ki raba faranti biyu, rabi ɗanyen kayan lambu rabi abincin gida, amma ɗanyen ma ki bashi jiki, ki barbaɗa ƙuli-ƙuli, ki sa riɗi, ki ɗiga mai, ki yanka fiya in kin samu, don kabeji tsirara ba abinci bane, ko akuya sai an haɗa mata da dusa. Gyaɗa giram 100 kaɗai ta haura kalori 550, kin ga bambancinta da kokwamba, shi yasa cikin tafin hannu ɗaya yake kashe yunwar da kwano guda na ganye ya kasa, shi yasa kuma ba a zama da mudu a gaba. Ki duba ta da kyau, wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci ki zubar, tana da guba mai taɓa hanta.

Kuma kar ki fita gida jakarki ba komai. Ki samu 'yar roba mai murfi ki zuba gyaɗa da busasshiyar aya da kwakwa 'yan yanka da dabino biyu ko uku, ki ci wajen sha biyu da rabi, lokacin da baki riga kin fara jin jiri ba, ki kora da ruwa, don ki iso wurin mai fanke da cikinki a natse. Mai yunwa da mai ƙoshi ba hanci ɗaya suke jin ƙamshin suya dashi ba. Dabino kam kar ki ce ai sunna ne ki cinye leda, zaƙinshi suga ne shima, biyu uku sun isa, kuma ki haɗa shi da kokwamba ko gurji, ya zo a hadisi ingantacce cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cin ɗanyen dabino da irin gurjin nan, ki gwada kiji yadda suke tafiya tare, ɗaya zaƙi ɗaya sanyi. Ni abinda yafi yi mani aiki in bakina yana neman abin taɓawa goruba ce, dariya zaki yi amma da gaske nake, goruba ɗaya sai ki yi minti ashirin kina gwagwiya, ga ɗan zaƙi-zaƙi, kafin ki gama muƙamuƙi ya gaji marmarin ma ya wuce, don shi marmari kamar hadarin bazara yake, ya taso baƙi ƙirin kamar za a yi ruwan ƙarshen duniya, in kin ɗan jure sai iska ta watsa shi. Magarya da kanya da ɗinya ma haka in lokacinsu ya yi, arha gare su kuma yara zasu taya ki.

Hanyar ma ki canza ta ko na sati biyu ne. Ƙafarki ta riga ta haddace, an tashi, an fito get, ga ƙamshi, ga hannu cikin jaka, ba ma sai kin yi tunani ba. Ki bi ta wani lungun, ko ki hau napep tun daga bakin makaranta, ko ki jera da wata malamar kuna hira. Da cewa zanyi kar ki riƙe canji, amma yanzu masu fanken ma taransifa suke karɓa, wannan dabarar ta mutu. Barci kuma ki bashi haƙƙinshi, wanda bai yi barci isasshe ba washegari yunwa tafi damunshi kuma zaƙi yafi jan hankalinshi, wannan sananne ne a wurin likitoci, to in yaran sun kwanta ki ajiye wayar, dama ita ta jawo mana wannan duka.

Sannan fanken kanshi, bana so ki haramta shi. Abinda ya fi bani tausayi a saƙonki ba bakwai ɗin bane, kulle ƙofar ne. Duk abinda aka ci a ɓoye da sauri ana jin kunya ba a ma jin daɗinshi, sai a gama a ce tunda na riga na karya bari in ƙarasa, gobe in fara sabo, goben kuma a ƙara matse kai don a rama, ƙarfe biyu ta yi a sake faɗawa, haka za a yi ta zagaye. Ki ware rana, ko Juma'a, ki sayo, ki zauna a tsakar gida kan tabarma da yaranki bayan kin ci abinci, ki ci biyu a hankali kina jin ɗanɗanonsu, sauran ki raba masu. Haka in biki ya kama, kinsan mu da alkaki da dubulan da cincin da nakiya, ba zaki je gidan mutane kina cewa ke wuta bata taɓa abincinki ba a yi ta yi dake a dangi, ki ɗauki ɗaya kiyi bismillah, ƙunshin da aka baki ki kawo gida ki miƙa ma surukarki.

Ita surukar taki kuma kar kiji haushinta, tambayarta tana kan hanya. Mace ta daina cin tuwo, tana rama, tana kulle ɗaki, ga kwaɗayi, ko ni ce abinda zan fara zato kenan, kuma tunda baki ce mani komai kan al'adarki ba to ki sayi abin gwajin nan a kemis ki duba ki huta, don in ciki ne ko kina shayarwa har yanzu to wannan tsarin ki ajiye shi yau ba gobe ba. Daga nan ki daure ki je asibiti da safe kafin ki ci komai a gwada maki suga, tunda Hajiyarku tana dashi ke ma sai da sa ido, in an gwada kan yunwa aka ga 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka sake wata rana aka ga haka, shi ne ake kira ciwon suga, daga 100 zuwa 125 kuma gargaɗi ne. In kina yawan jin ƙishirwa ko kina tashi fitsari sau da yawa da dare ki faɗa masu. Ki ce a duba maki yawan jini ma, kwana 19 ba nama ba wake ba ƙwai ga mace mai haihuwa biyu, ba mamaki wani jirin daga nan yake.

Yau da dare in an kwashe tuwo ki ɗauki malmala ɗaya ƙarama, ki cika miyar kukar, ki ajiye kwaɗon kabejinki a gefe, ki zauna kusa da tsohuwar ku ci tare, in ta tambaya kice mata likitan waya ne ya ruɗe ki kin dawo. Bayan sati biyu ki sake rubuto mani, ina son jin ko ƙarfe biyun tana nan da igiyarta, kuma ki gaya mani ƙwaya nawa kika jera a farantin kafin ki ce ya isa.